Sakatar Ɗakin Dahuwa

Duk wanda ya saba bin hanyar Birnin Kudu zuwa Gwaram a shekarun baya ya san korayen rumfunan nan na bakin titi, masu kwalaben gilas jere a kan kanta. Namu ne. Ko in ce namu ne a da, don yanzu guda ɗaya ta rage, ita ma fentin ya koɗe, ba ka cewa kore ne sai an gaya maka. Ni ce nake zama a cikinta, ni da na manyanta, mijina ya rasu na dawo gida. Biskit nake sayarwa da minti da cingam, irin wanda kowane mai tebur yake da shi. Idan baƙo ya tsaya ya ce, "Hajiya, ina kantun nan naku da ake labari?" sai in ce masa ya ƙare. Kuma ba ƙarya na yi ba.

Babanmu da faranti ya fara, yana ɗauke da shi a ka yana zagaya motoci a tashar Birnin Kudu. Kantun riɗi yake sayarwa. To, kantu ai ba wani abin mamaki ba ne, kowace mace a garin nan ta iya soya riɗi ta narka suga ta cakuɗa. Amma na Baba daban ne, kuma ba don ubana ne nake faɗa ba. Ba ya kama haƙori, ba ya kuma neman karya shi. Kana gutsura zai ce ƙaras, kafin ka tauna sau biyu ya narke, ya bar maka wani ɗanɗano can wajen maƙogwaro wanda ba ka san sunansa ba. Ko da damina, lokacin da na kowa yake sakewa ya manne da leda, namu yana nan garau.

Daga faranti ya koma tebur, daga tebur ya kafa rumfar kwano. Ragowar koren fenti wani maƙwabcinmu ya ba shi ya shafa mata, shi ke nan fa kore ya zama namu. Da abin ya karɓu sai ya buɗe wata a Kiyako ya zaunar da ɗan ƙanwarsa, ya buɗe ta Gwaram ya ba wa ƙanin Inna, sannan ta mahaɗar Fagam da ta Maruta. Duk dangi ne a ciki, duk kore, duk kwalabe iri ɗaya. Bayan kantu aka ƙara alewar gyaɗa da alewar madara da gullisuwa. A gaban kowace rumfa akwai ƙwarya ta ɓarɓashin da ya karye wajen yanka, wannan ta direbobi ce, kowa ya sa hannu ya ɗiba kyauta. Wayon Baba ke nan. Direba ya san ƙwarya tana jiransa, dole ya taka birki, in ya tsaya kuwa fasinja sai sun sauko sayen tsaraba.

Amma duk rumfunan nan ba inda ake hura wuta. Komai a gidanmu ake dafa shi, a tukunya ɗaya, a rarraba.

Akwai dalili. Kakanmu ma mai alewa ne, shi kuma duk 'ya'yansa ya koya wa sana'ar tun daga farko har ƙarshe. Yana rasuwa kowa ya ja tukunyarsa ya kafa teburinsa, wannan yana kallon wancan, suna kushe kayan juna a gaban mai saye. Haka 'yan'uwan Baba suka tsufa ba sa ga-maciji da juna. Abin ya tsaya wa Baba a rai har ya mutu. Don haka da muka tasa mu uku, Yaya da ni da Auta, sai ya raba mana aikin gida uku. Ni ya ba ni riɗi da gyaɗa: in wanke, in rege, in surfa, in shanya, in soya. Yaya ya ba shi dahuwar zaƙin, wanda a gida "ruwa" kawai muke ce masa. Auta kuma ya ba shi bazawa a kan teburin da aka shafe da mai, da murzawa da kwalba, da yanka tun da zafinsa, da kai kaya rumfuna a kan mashin.

"Kowa ya riƙe nasa, kada ya leƙa na ɗan'uwansa," in ji Baba. "Ranar da kuka rabu, kowa zai tashi da abin da ba ya sayuwa. Sai in ga yadda za ku rabu."

Sai dai akwai wani abu da na lura da shi tun ina budurwa. Aikina a tsakar gida nake yin sa, har kaji suna kallo. Na Auta ma haka, a ƙarƙashin darbejiya. Na Yaya ne kaɗai ake yi a ɗaki, ɗan ƙaramin ɗakin dahuwa mai taga ɗaya can sama, kuma in an shiga sai an sa sakata ta ciki. Na ce wa Baba, "To ai wannan rabon bai yi daidai ba. Mu namu a fili, nasa a kulle." Ya yi dariya ya ce, "Ke dai bakin nan naki, Allah ya ba ki miji mai haƙuri." Allah ya amsa masa wannan, ya ba ni. Amma maganata ba a amsa ta ba.

Ga yadda muke yi kullum da hantsi. Yaya zai shiga ya ja sakata. Ni ina waje a gaban kasko ina juya riɗi har ya fara tsalle yana tas-tas, ƙamshinsa ya tashi. Can sai in ji ya buga muciya a bakin tukunya. Alamarmu ke nan. Sai ya buɗe ƙofa kaɗan, in miƙa masa kwanon riɗi da zafinsa, ya mayar ya rufe. Jim kaɗan ya sake buɗewa ya miƙo wa Auta curin da aka cakuɗa yana turiri. Haka na yi tun ina budurwa, haka na ci gaba bayan na yi aure, don gidan mijina bayan layinmu yake. Shekara da shekaru hannun Yaya kawai nake gani ta wannan ƙofar, ban taɓa ganin cikin tukunyar ba.

Baba kuwa ba a nan kaɗai wayonsa ya tsaya ba. Ya san masu son kwaikwayonsa suna sa ido a kan abin da yake saya ranar kasuwa. Sai ya riƙa sayen tarkace: tsamiya, kanwa, citta, kanumfari, masoro, kimba, man shanu, zuma, lemon tsami, ga mazarƙwaila ga suga. Duk a shigar da su ɗakin. Wasu suna shiga tukunya, wasu kuwa don rufe idon mutane ne kawai, sai sun tsufa a zubar. Da Baba ya rasu Yaya ya ɗora daga inda ya tsaya, har tafiyarsa a kasuwa irin ta Baba ce. Muna ta yi wa abin dariya a lokacin, wai mun fi mutanen gari wayo.

Wasiyyar da Baba ya bar wa Yaya ita ce kada ya koya wa kowa ruwan nan sai ɗansa na cikinsa, shi ma sai ya mallaki hankalinsa. Yaya kuwa ɗa namiji ɗaya Allah ya ba shi, kuma tun da ya gama sakandare ya tafi Kano gyaran waya. Ya ce shi hayaƙi yana sa masa ciwon ido. Da sallah kawai muke ganinsa, yana ƙamshin turare, yana ɗaukar hoton rumfa.

Ni ban yi shiru ba, Allah ya gani. Ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba, na tsare Yaya a zaure.

"Yaya, mutum fa bai san ranarsa ba. Ka nuna wa Auta. In ba ka yarda da shi ba, ni ka nuna min."

"Amanar Baba ce," in ji shi.

"Baba yana kwance a makwancinsa, Allah ya jiƙansa. Mu ne a raye, mu ne muke jin yunwa."

"A'uzubillahi! Ke wai ba kya tauna magana kafin ki furzar?"

"Ban iya ba. Ka koya min wannan ma in ka ga dama."

Sai ya yi murmushi ya ce, "Yaron zai dawo. Kano tana gajiyar da mutum." Yaya mutum ne mai sanyi, ko kaza ba ya iya kora da ƙarfi, amma a kan maganar Baba ya fi dutse tauri. Ina son sa ƙwarai, kuma ba wanda ya taɓa ba ni haushi kamarsa.

A wannan tsakanin kasuwa ma ta fara juya mana baya. Suga ya yi tsada, itace ya yi tsada. Manyan motoci da yawa suka koma bin wata hanyar da aka gyara, waɗanda suka rage kuma direbobinsu yara ne masu sauri, ba su san zancen ƙwarya ba. Kayan kwali daga Kano suka cika ko'ina, masu ƙyalli, yara suna kuka sai su. Rumfar Fagam ce ta fara rufewa, mai tsaronta ya ce gara ya koma gonarsa. Duk da haka ba mu faɗi ba, don kantu yana riƙe da mu. Mai zuwa Kano ganin dangi sai ya tsaya, mai biki sai ya aiko, matan da aka kai aure nesa in sun zo gida da shi suke komawa. Muddin tukunyar Yaya tana kan wuta, gidaje da yawa a danginmu suna ɗora tasu.

Ranar da abin ya faru, da hantsi ne kamar kullum, bayan an gama girbin gero. Riɗina ya soyu, na sauke, ina jiran bugun muciya. Shiru. Na ce yau kuma Yaya kasala yake ji. Riɗi ya fara hucewa na mayar da shi kan wuta, abin da ba na so ke nan don yana sa shi ɗaci. Can sai na ji ƙauri. Ƙaurin suga ba ya ɓuya, kuma tun da nake ban taɓa jin sa daga ɗakin nan ba. Baƙin hayaƙi ya fara fitowa ta tagar sama.

Na buga ƙofa. "Yaya! Yaya!" Ba amsa.

Auta ya taso da kwalbarsa a hannu, ƙaton mutum mai furfura a gemu, ya tsaya yana rarraba ido. Ya ce min, "Ba a shiga fa in ana dahuwa." Ni yake gaya wa haka, wai ni!

Na ce, "Kai, matsa ka ba ni wuri!"

Ƙofar katako ce mai kauri, Baba da kansa ya zaɓo ta, sakatar kuma ta ƙarfe ce ta maƙera. Na ɗauko taɓarya na dinga dukanta, matar Yaya tana salati, sannan Auta ya dawo hayyacinsa ya karɓa ya ci gaba. Mun daɗe kafin ta ɓalle. Muka same shi a ƙasa gefen murhu, bakinsa ya karkace, idonsa a buɗe yana kallonmu, muciya tana hannunsa na dama amma hannun ba ya riƙe da ita. Tukunya ta zama gawayi. Shigata ta farko ɗakin ke nan a rayuwata.

A asibiti suka ce hawan jini ne ya buge shi, ɓarin jikinsa na dama ya shanye. Sun yi iya ƙoƙarinsu, muka dawo da shi gida da ransa. Amma magana ta tafi. In ya buɗe baki sai wani sauti ya fito, sai ya ji kunya ya rufe. Ɗansa ya zo daga Kano ya durƙusa a gabansa ya yi kuka sosai, ya kwana biyu, ya koma bakin aikinsa. Ban ga laifinsa ba. Ko ya zauna, wa zai koya masa?

Rumfuna suka fara aikowa: kwalabe sun zama wayam. Na ce wa Auta ba za mu zauna mu zuba ido ba. Da Yaya ya ɗan ji sauƙi muka ɗauko shi a kujera muka kai shi ɗakin dahuwa, muka jingina shi da bango inda zai ga tukunya. Na tsaya gaban kantar Baba. Gwangwanaye sun fi ƙarfin ido, ba rubutu a jikin ko ɗaya. Wallahi a ranar na ji kamar in ɗora hannu a ka in kurma ihu. Wayon da muka yi wa mutanen gari, ashe kanmu muka yi wa.

Na ɗauki tsamiya na nuna masa. "Yaya, ana sa wannan?" Ya gyaɗa kai. Na ji daɗi. Na ɗauki kanwa. Ya gyaɗa kai. Citta, ya gyaɗa. Kimba, ya gyaɗa. Don in gwada shi, na fita na ɗebo toka a murfin gwangwani na nuna masa. Ya dube ta, ya dube ni, ya gyaɗa kai, hawaye suna bin gefen bakin da ya karkace. Wata rana kuma komai na nuna sai ya girgiza. Na tabbata abin yana nan cikin kansa, ina ganinsa a idonsa, hanyar fitowa ce ta toshe.

Muka ce to bari mu gwada lokacin saukewa, ko wannan zai iya nuna mana. Na narka suga da mazarƙwaila, ina juyawa ina kallonsa. In ruwan ya kai wani wuri sai in ga idonsa ya buɗe, numfashinsa ya sauya, yana ta fama ya ɗaga hannun hagu. Kafin hannun ya bar cinyarsa ruwan ya wuce, ya yi duhu. In na yi saurin saukewa tun daga buɗe idon, sai kantu ya fito yana danƙo kamar cingam. Yau ya yi tauri kamar tsakuwa, gobe ya yi ɗaci, jibi ya yi kyau a ido, a baki kuma lami. Mun ƙona suga ba kaɗan ba a watannin nan. Akuyoyin gidanmu har suka gaji da ci.

A ƙarshe dai na tsaya a kan wani haɗi da ya fi sauran dama-dama: ɗan lemon tsami, ɗan citta, ɗan man shanu. Kantu ne, ba wanda zai ce ba kantu ba ne. Irin na kowa. Muka zuba a kwalabe Auta ya rarraba. Ba a daɗe ba ƙanin Inna ya aiko daga Gwaram cewa mutane suna tambayar me zai sa su tsaya a rumfa, alhali ga 'yan talla da irinsa a bakin tagar mota. Maruta ta rufe. Gwaram ta bi ta, aka sayar da kwanon rufin. Ɗan ƙanwar Baba na Kiyako ya mayar da tasa wurin cajin waya, ya shafe koren da shuɗi. Auta ya ɗauki mashin ɗin kai kaya ya shiga acaɓa da furfurarsa. Ba mu yi faɗa ba, ko sau ɗaya. A nan kam burin Baba ya cika, muna gaisawa lafiya lau, kowa da yunwarsa.

Ta tashar Birnin Kudu ta rage, ta farko, sai na karɓe ta na zauna. Ban daina dahuwa ba. Kullum sai in ce wataƙila gobe hannuna ya faɗa kan daidai, ko Allah ya sake masa harshe ko da na yini ɗaya ne. Saboda zaman ɗaki yana sa shi ƙunci, Auta yakan kawo min Yaya da safe kafin ya fita aiki, mu shimfiɗa masa tabarma a bayan kanta, inda labulen buhu ya kare shi daga rana. Daga nan yana jin motoci da hayaniyar tasha, mai saye kuma ba ya ganinsa.

Wata ranar kasuwa wajen azahar wata bas ta tsaya, wani dattijo ya sauko daga gidan gaba yana dogara sanda. Na gane shi nan take. Tsohon direba ne, tun zamanin Baba yake jan motar Kano zuwa Gwaram, ya ci ƙwaryarmu har ba iyaka. Ya daɗe da ajiye tuƙi ya koma wajen 'ya'yansa a Kano, shekaru ba mu gan shi ba.

"Hajiya, ashe kuna nan! Wallahi tun daga Wudil nake gaya wa yaron nan, in bai tsaya a koriyar rumfa ba sai na ci mutuncinsa."

"Sannu da zuwa, Alhaji. Ya iyali? Ya ƙarfin jiki?"

"Jiki ya zama na tsufa. Ina ƙwaryata?"

Na miƙa masa. Ya zaɓi gutsure babba yana dariya, ya ce haƙoransa huɗu suka rage amma kantun gidan nan bai taɓa cin amanarsu ba. Ya sa a baki. Ina kallonsa. Ya tauna sau ɗaya, ya tsaya. Dariyar ta bar fuskarsa. Ya juya abin a bakinsa, ya haɗiye da ƙyar, ya dubi kwalabe, ya dube ni. Sai ya jingina sandarsa da kanta, ya ɗaga hannu biyu.

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Hajiya, yaushe Malam ya rasu? Wallahi ban ji ba. Allah ya jiƙansa, Allah ya sa ya huta, ya ba ku haƙurin rashi."

Da ƙarfi ya faɗa, irin na tsofaffin da kunnensu ya yi nauyi. Yaya yake nufi, don Malam yake kiransa tun da can. Ta bayan labule na ji numfashin Yaya ya sauya, irin yadda yake yi in ruwa ya kai.

Da ƙyar na ce, "Yana raye, Alhaji. Ga shi nan bayan labule."

Dattijon ya ɗaga labulen. Suka kalli juna. Ya durƙusa da wahala ya kama hannun Yaya na hagu, yana ta cewa, "Malam, ka yafe ni, ka yafe ni, sannu, Allah ya ba ka lafiya." Yaya yana gyaɗa masa kai. Direban bas ya yi ta danna hon. Alhaji ya miƙe, ya sayi leda guda don kunya, ya cusa a aljihu ya hau mota. Ko waiwaye bai yi ba.

Washegari na jiƙa riɗi kamar kullum, Auta ya zo ɗaukar Yaya zuwa ɗakin dahuwa. Yana sa hannu zai ɗaga shi, Yaya ya kama ƙafar gado da hannunsa mai lafiya ya riƙe gam. Na ce, "Yaya, mu gwada na yau kawai." Ya dube ni sosai, ya girgiza kai. Wannan karon na san ya fahimci abin da na tambaya, na kuma san amsar ta gaske ce. Ya juya fuskarsa bango.

Na fita na tsame riɗin na zuba wa kaji.

Yana nan da ransa har yau, matarsa tana ba shi kunu da cokali. Ban yafe wa ƙofar nan ba, na sa Auta ya cire ta, yanzu a kanta muke shanya kuɓewa. Baba kuwa ina yi masa addu'a bayan kowace salla, kuma ina jin haushinsa, duka biyun. Gwangwanayensa suna nan a kan kanta yadda ya bar su, na kasa zubarwa, don na san a cikinsu akwai na gaskiyar.